Babi Uku na Ƙarshe

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana, a shago

Kwana huɗu da fitowar littafi na biyar na Shekarun Toka, kuma zuwa yanzu mutum ɗari da tamanin sun zagi Yaya, wana da ya rubuta shi, a zauren masu karatu na waya. Na zauna ina bin su ɗaya bayan ɗaya kamar wadda ba ta da aikin yi, alhali ga takardun mutane jibge a kan injin fotokwafi suna jira na.

Wani ya ce shekara bakwai yana bin labarin nan, a ciki ya yi aure, a ciki ya samu 'ya'ya biyu, a ƙarshe aka watsa masa ƙasa a ido. Wata ta ce ta jefa littafin bayan kujera, ko shara take ba za ta ɗauko shi ba. To ki bar shi can, ɓeraye ma su samu na karantawa.

Duk a kan babi uku na ƙarshe ne. Ba wanda ya taɓa sauran ashirin da biyun, waɗannan kam an yarda Malam, kamar yadda suke kiran Yaya, gwani ne. Gaskiyar magana, babi ukun da suke zagi ni na rubuta su, kuma ban da ni da wannan littafin da nake rubutu a ciki ba mai sani. Shi kansa Yaya bai sani ba.

Litinin, ƙarfe 6:10 na yamma

Yaya ba ya riƙe babbar waya, cewa yake tana cinye wa mutum tunani. Shi dai biro da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ni ke buga masa a kwamfuta, don ni kaɗai ke iya karanta rubutunsa, wanda Anti matarsa ke cewa kamar kaza ta yi tono. Tun littafi na ɗaya, in sabo ya fita, bayan la'asar nake zuwa gidansa in karanta masa ra'ayin mutane yana shan shayi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in tsallake ko guda, yabo ne ko zagi.

Yau na je. Yana kan gadon da aka dawo masa da shi falo, an jingina shi da filo uku, hannun daman yana nan inda Anti ta ajiye shi tun safe. Ya nuna wayata da haɓa ya ce, "Auta. Karanta." Kalma biyu, amma sai da ya yi gumi kafin su fita.

Na karanta masa goma sha ɗaya. Huɗu na gaske ne, bakwai daga kaina na fito da su ina kallon waya ina jan yatsa kamar gaske. Na ƙirƙiro wani direba da ya ce ya tsaya a gefen titi ya yi kuka. Yaya ya ji daɗin direban nan sosai.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Ba zan rubuta sunan abin da ya same shi ba. Likitoci suna da sunan, su riƙe abinsu.

Wata biyar ke nan. Kwanansa tara a asibiti bakinsa ya fara buɗewa, kuma abin da ya fara cewa ba sunan Anti ba ne, ba na 'ya'yansa ba. "Littafi," ya ce. Na ga tsoro a idonsa irin wanda ban taɓa gani ba, sai kawai na ji bakina yana ce masa ya gama, ya gama shi tas kafin ya kwanta, bugawa kawai ta rage mini. Ya lumshe ido ya yi barci. Likita ya ce mai yiwuwa makonnin da suka gabaci faɗuwar sun goge a kansa.

Da na koma gida na buɗe littafin rubutunsa na ƙarshe. Babi na ashirin da uku layi ɗaya ne: "Ta tura ƙofar." Sauran shafukan fari fat.

Abu na biyu da ya roƙe mu shi ne kada kowa ya san halin da yake ciki. Ba ya son a yi ta turo masa addu'a da hoton furanni. Ga shi an riga an sanar da ranar fitar littafi, mai ɗab'i yana ta kira. Sai na zauna, rabi a kan kujerar roba ta asibiti, rabi a nan shago, na tura ƙofar da kaina. Yanzu ba ni da bakin ce wa masu zagi mutumin da kuke ci wa mutunci ko cokali ba ya iya riƙewa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 12:45

Bari in rubuta abin da na yi, ko na ga in laifin ya kai yadda suke faɗa.

A labarin Yaya, rana ce ta yi aman wuta sau ɗaya, duk wata waya da inji na duniya suka ƙone, toka ta yi shekaru tana zuba, waɗanda suka rage suka koma zama a ramukan ƙarƙashin wata madatsar ruwa. Akwai wata mata, Mai Rediyo, da ta harhaɗa rediyo daga tarkace. Kullum da asuba tana jin muryar wani namiji yana faɗin inda iska za ta kaɗa da inda ruwa mai kyau yake. Littafi huɗu da rabi tana tafiya neman mai muryar. Masu karatu sun yi ta cacar baki a kansa, wasu su ce mahaifinta ne, wasu su ce na'ura ce mai tunani, wasu su ce shugaban wani birni ne da ya tsira da lantarkinsa da komai.

A nawa, da ta tura ƙofar sai ta tarar da wani mutum kwance, rabin jikinsa ya mutu, ba ya magana, da wata tsohuwa tana jinyarsa. Tsohuwar ce ke yanka tsofaffin kaset na muryarsa tana haɗawa kalma-kalma, kowace asuba ta saka, don kada mutane su daina tafiya. Mai Rediyo ta ajiye jakarta ta taya ta juya shi. Shi ke nan.

Abin da na iya ke nan. Me suke so, ya fito a jirgin sama ya raba musu alewa?

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Akwai wani a zauren da na sa wa suna Mai Dogon Sharhi, don ba ya rubuta abin da bai cika shafi uku ba. Yau ya fito da nasa. Wai Malam ya ci amanar kimiyyar labarin, kaset ba zai yi shekara talatin cikin zafi da toka ya yi magana ba. Wai Malam ya gaji, ya raina masu karatunsa, da gani a tsaye ya rubuta ƙarshen yana sauri.

A tsaye. Da zai tsaya ɗin ai da mun gode wa Allah.

Na buga masa amsa mai zafi, na karanta, na goge. Na sake bugawa, na sake gogewa. Abin da ya fi ba ni haushi, na je na bincika maganar kaset ɗin, kuma ɗan rainin wayon yana da gaskiya.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Tara na ƙirƙiro masa yau. Ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi, ni kuwa na ji na tsani kaina.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Wani malamin makaranta ya kawo takardun jarrabawa a yi masa kwafi, littafin Yaya a hammatarsa. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ko na karanta? Kada ma in ɓata lokacina. Ya ce shi da zai ga marubucin ido da ido, tambaya ɗaya zai yi masa, wane ne ya ce masa mutane suna sayen labarin ƙarshen duniya don su karanta yadda ake wanke mara lafiya? In jinya suke son gani ai ga asibiti nan kyauta.

Ina tsaye ina jera masa takardu. Da na kai shafi na shida na kashe injin daga bango na ce masa ya lalace, ya gwada shagon gaba. Ya ce ai yanzu yake aiki. Na ce to yanzu kuma ya daina.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Anti ta tare ni a kicin ina wanke kofin Yaya. Ita ba ta karanta littattafan, ta ce labarin ƙarshen duniya ciwon kai yake sa ta, wannan duniyar ma ta ishe ta. Amma tana zaune a falo kullum in ina karanta sharhi, tana ninke kaya.

Ta ce, "Auta, masu karatun nan naku duk bakinki gare su. Direba ya ce gaskiyar magana, ɗaliba ta ce gaskiyar magana, har wani tsohon soja jiya."

Na ce mutane ai haka suke magana yanzu. Ta dube ni ta ce ita ba ruwanta da abin da ke tsakanin wa da ƙanwa, amma in tuna jikin mutumin nan ne ya kwanta, kansa na nan daram. Na murza kofin har na ji tsoron zai fashe. Ita da ba ta taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba, ita ce za ta koya mini.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 10:05 na safe

Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta a zaure. Zan kwafe shi yadda yake.

"Ni ban zo zagi ba. Shekara goma sha shida ina aikin jinya. Wurin da tsohuwar ke naɗe zanin gado ta ja mara lafiyan da shi, ta sa filo tsakanin gwiwoyinsa, ta duba dugadugansa kada su yi gyambo, ba a samun wannan a bincike. Wanda ya rubuta ya yi jinya da hannunsa. A littafi huɗu Malam bai taɓa sa kowa ya wanke ko kofi ba. Ina tambaya cikin ladabi, lafiya kuwa a gidan Malam?"

Zagi ɗari uku bai sa ni hawaye ba. Wannan matar da ladabinta ta sa na rufe shago na zauna a bayan injin ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Wa ya aike ta? Na rantse lokacin da nake rubutawa ban ga falon Yaya nake kwafewa ba, ko kuma na gani na kau da kai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ban je ba. Na ce wa Anti kaina ke ciwo.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Zauren ya kama da wuta. Wasu sun ce Malam ya rasu iyalinsa suna ɓoyewa. Wata ta rantse ta gan shi a tasha makon jiya yana cikin ƙoshin lafiya. Mai Dogon Sharhi ya zauna ya jera jimlolin Yaya a gefe, nawa a gefe, ya nuna Malam gajeru yake yi, mai babi ukun nan kuwa ba ta san inda ake tsayawa ba. Har "ta" ya ce, ban san inda ya samo ba. Yanzu sun haɗu suna neman Malam ya turo sautin muryarsa ya yi musu bayani da bakinsa.

Mutanen da ko sunan unguwarmu ba su sani ba, su ne ke neman a buɗe musu ɗakin mara lafiya su leƙa. Sun sayi littafi ne, ba su sayi mutum ba.

Na je da la'asar na ƙirƙiro shida, na kiyaye bakina kada in ce gaskiyar magana. Anti tana ninke kaya ba ta ɗago ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Mai gashin ƙashin da ke zuwa motsa wa Yaya jiki ya tafi hutu, aka turo wani, babban mutum mai furfura da surutu. Yana shigowa ya ga littattafan a kan kanta da hoton Yaya a bango, ya gane. Na yi ta yi masa alama da ido, ko kallona bai yi ba. Yana lanƙwasa hannun Yaya yana zuba, shi ya karanta duka biyar, matarsa ma ta karanta.

Sai ya ce, "Malam, ni ban ji haushin ƙarshen kamar sauran mutane ba, duk da zagin da ake maka ya yi yawa. Amma me ya sa ka kwantar da mai muryar, rabin jikinsa a mace, tsohuwa tana juya..."

A nan ya tsaya, don ya ga hannun da ke cikin hannunsa. Yaya bai dubi mutumin ba, ni ya duba. Ina tsaye da roba cike da ruwan ɗumi, na rasa inda zan ajiye ta.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je. Ya juya fuska ga bango. Bai ce karanta ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Haka yau ma. Anti ta ce cokali uku ya ci.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Anti ta kira ni da hantsi ta ce yana nema na. Na tarar an ɗora masa littafi na biyar a cinya. Ya ce, "Babi. Uku."

Na karanta. Awa ɗaya da rabi bai motsa ba. Da na rufe ban jira tambaya ba, na faɗi komai, kuma ba da ladabi na faɗa ba. Layi ɗaya ya bar mini, na ce, ya hana a faɗi rashin lafiyarsa, mai ɗab'i ya hana ni sakat, me yake so in yi?

Ya ce, "Na sani."

Bayanin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, Anti tana cike masa wasu kalmomin yana gyaɗa kai. Ba abin da ya goge a kansa. Shekara ɗaya da wata biyu yana tsaye a bakin ƙofar nan ta babi na ashirin da uku, bai san wane ne a bayanta ba, tun littafi na ɗaya bai taɓa sani ba. Da na ce masa ya gama, maganar ta yi masa daɗi, sai ya riƙe ta. Ya san zan rubuta wani abu. Abin da bai sani ba shi ne wanda zan kwantar a gadon.

"Ni ne," ya ce. "A ciki."

Na tambaye shi sharhin da nake karanta masa fa. Ya ce tun ranar farko ya gane, shi ba a yabonsa haka.

Na tashi na buga ƙofa har hotonsa ya karkace a bango.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Wata biyar ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ashe yana kwance yana kallona. Ya bar ni ina ƙera masa direbobi da sojoji yana murmushi. Ya bar ni na sha zagin ɗaruruwan mutane da sunansa, ba halin in ce uffan. Shekara bakwai ina gyara masa jimloli, ina tuna masa wanda ya riga ya kashe a littafi na biyu, sunana bai taɓa fitowa ko a shafin godiya ba, kuma ban taɓa cewa komai ba don shi ne Yaya.

Na san na yi masa ba daidai ba. Na ɗauki kwanciyarsa na shimfiɗa a gaban duniya ban tambaye shi ba. Na sani, amma yau ba ranar da zan ji tausayinsa ba ce.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Ban je ba, kuma ban ce kaina ke ciwo ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Anti ta zo shago da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙo mini takarda da aka yago daga littafin rubutunsa, ta ce kwana biyu ya yi yana fama da ita da hannun hagu, ya hana ta taimaka. Haruffan kamar za su zube daga kan layi, amma na karanta. "A faɗa musu. Duka. Da sunanki."

Na rufe shago na bi ta. Na tambaye shi har da rashin lafiyar, ya gyaɗa kai. Na ce furannin da ba ya so za su zo fa, ya ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa.

Na zauna a bakin gadon na rubuta sanarwar a waya. Na ce Malam yana raye, yana jinya tun wata biyar. Na ce babi ashirin da biyu nasa ne, uku na ƙarshe na ƙanwarsa ne mai buga masa rubutu, na sa sunana cikakke. A ƙasa na ce ina ba masu karatu haƙuri a kan ɓata musu labarin da na yi. Na karanta masa da ƙarfi.

Ya ce, "Cire."

Na ce wanne. Ya yi ta fama da bakinsa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Haƙuri. Cire. Ba ki ɓata ba."

Na kasa duban sa. Na goge layin, na tura, na ajiye wayar a kan zanin gado tsakaninmu. Ko minti biyu ba a yi ba ta fara rawa. Na farko da ya shigo zagi ne, kuma da sunana aka yi shi, an ma rubuta sunan daidai. Na gyara zama na karanta masa.